Jakar da Na Ɗaura wa Injiniya a Ƙarƙashin Sirdi

Wanda ya ce zai tarbe ni a filin jirgi bai zo ba. Na zauna a kan akwatina tun da hantsi har rana ta yi sanyi, ina kallon duk baƙin mutumin da ya gifta ko zai ce, "Kai ne Habu?" Babu wanda ya ce.

Sunana Abubakar, Habu ake kirana, mutumin Tudun Wadar Zariya. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Sana'ata gyaran keke, ita na gada wurin mahaifina. Cacar biza ce ta faɗo kaina, ba don na fi kowa ba, na tattara na taho Amurka. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna, ba don gwaninta na ɗauki alƙalami ba. Akwai mutumin da ya riƙe ni a ƙasar nan kamar ɗan cikinsa, matarsa ta danƙa mini amanar lafiyarsa, ni kuma na salwantar da ita. Ba da mugunta ba. Da 'yar jaka ce wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Sai gab da magariba Tasi'u ya iso, ƙanin abokin yayana, wanda aka haɗa ni da shi tun daga gida. Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce a nan ƙasar lokaci ba na mutum ba ne, gara in saba. Ya kai ni Lanham, wani gari a gefen Washington, wani gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda suke kira besmen. Na tarar da wasu a ciki, katifu jere a ƙasa, ga warin danshi. Taga ɗaya ce, can sama daf da rufi. In ka leƙa ba ka ganin komai sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin mota.

Tasi'u ke karɓar kuɗin haya a hannunmu, wai shi ke kai wa mai gida. Ashe ba ya kaiwa. Ranar da matar gidan ta sauko tana faɗa da Turancin da ban kama ko rabinsa ba, muka kira wayarsa, a kashe. Har yau ban sake sa shi a ido ba. Aka fito mana da kayanmu bakin titi, cikin wani sanyi da ban san Allah ya halicci irinsa ba. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke ɗakin tare ya cire rigar sanyinsa ta sama ya ɗora mini. Hausarsa gauraye ce, amma abin da ya faɗa na ji shi sarai.

"Yaro, kar ka gaya wa uwarka."

Ban gaya mata ba. Duk Juma'a in na kira ta sai in ce ina nan cikin daula, ita kuma ta ce Allah ya ƙara. In na ajiye wayar sai in ji ƙamshin faten tsakinta a hancina kamar tukunyar na gabana.

Dattijon ne ya samo mana wani ɗakin, shi ne kuma ya nuna mini aikin kai abinci gida-gida a cikin Washington, bisa keke. Waya ce ke gaya maka inda za ka ɗauka da inda za ka kai. Babu waya, babu aiki. Na sayi wani tsohon keke na gyara shi da hannuna, na shiga gari. Na sha ruwan sama, na sha dusar ƙanƙara, na sha zagin direbobi da harsuna iri-iri. Wasu ka kai musu abinci ko kallonka ba sa yi. Wata tsohuwa kuwa ta ga yatsuna sun ƙage, ta koma ciki ta fito mini da safar hannun mijinta da ya rasu.

Wata rana ina gangarowa wani titi, tayar gaba ta faɗa rami, wayar ta yi tsalle daga aljihun rigata ta faɗi tsakiyar hanya. Ina ji ina gani bas ta bi ta kanta. Na yi kwanaki ba aiki, daga burodi sai ruwan shayi. A zaman nan na tuna maganar mahaifina, Allah ya jiƙansa. In ya ga mutum a kan keke da ƙunshi a aljihu yakan ce mai jaki ba ya ɗaukar kaya a ka. Na yanka tsohon tif, na ɗinka 'yar jaka, na ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi. Daga ranar ban ƙara yarda da aljihu ba. Abin da ya same ni sau ɗaya na mayar da shi doka, na kuma ɗauka dokar ta hau kan kowa.

Da bazara ta zo, wata Lahadi ina bin hanyar kekuna da ta ratsa College Park, sai na hango wani dattijo tsugune gaban kekensa, da hular kwano a ka da furfura a gemu. Har na wuce, sai na ji ya ce, "Kai, wannan taya, Allah ya shirye ki." Na taka birki har sai da na kusa kifawa. Rabona da jin Hausar gida a bakin wanda ban sani ba, na manta.

"Sannu, Alhaji. Faci ne?"

Ya ɗago da sauri. "Ikon Allah! Kai kuma daga ina?"

"Zariya."

"Ashsha. Duk faɗin Amurka a rasa wanda zai cece ni sai Bazazzagi."

"Ranka ya daɗe, da na san Bakano ne ai da na wuce. Ku ko gaisuwa sai kun nemi ragi."

Ya yi dariya har ya zauna daɓas a kan ciyawa. Ya riga ya sa tif ɗin da ya zo da shi, shi ma ƙaya ta huda. Na liƙe masa, ya tambayi labarina, na gaya masa abin da ban gaya wa uwata ba.

Shi ne Injiniya Lawal, injiniyan gadoji, ya zo ƙasar nan tun ina goye. Ranar ya sa kekena a bayan motarsa ya kai ni gidansa a Gaithersburg. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Na kai loma ta farko, hawaye suka zubo cikin kwanon. Sai ta ƙara mini man shanu. Kafin wata ya ƙare Injiniya ya samo mini aiki a wani shagon gyaran kekuna, suka ba ni ɗakin ɗansu da ya yi aure ya koma wata jiha. Har keken tseren ɗan ya ba ni, ya ce yana nan yana cin ƙura. Na fara kiransa Baba. Hajiya kuwa in ta ce "Habuna," sai in ji kamar a tsakar gidanmu nake. Abu ɗaya na kasa musu: lasisin tuƙi. Na zauna jarrabawar na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa, Turancin ya fi ƙarfina. Baba ya ce in bari, mai ƙafa biyu da taya biyu bai rasa komai ba.

Duk Asabar muna fita hawan keke a hanyoyin gonaki, mu uku, da wani nas ɗan Pankshin mai suna Bitrus. Rigar da masu wannan hawa ke sawa matsattsiya ce, tana da aljihu uku a baya, daidai ƙugu, yadda mutum zai miƙa hannu ya ɗauko abu ba tare da ya tsaya ba. Baba da Bitrus a nan suke cusa komai: waya, ayaba, dabino, tif, 'yar sifana.

Baba yana da asma tun yana saurayi. Likita ya yarje masa hawan keke, har ya ce zai ƙara masa lafiya, amma da sharaɗin inhelarsa, abin shaƙar nan shuɗi, kada ta rabu da shi. Hajiya ba ta bar wannan a hannunsa ba. Duk Asabar a bakin ƙofa za ta ce, "Juya." Ya juya kamar ɗan makaranta, ta sa inhelar a aljihun dama da hannunta, ta daddanna. Sannan ta dube ni.

"Habu, ga amana nan. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi."

"In sha Allahu, Hajiya."

"Sai ka ce buhun gero," in ji Baba.

"Buhun gero ai ba ya gardama," in ji ta.

Musun jaka da aljihu kuwa ba ya ƙarewa tsakaninmu. Akwai wani ɗan kanti a ƙauye inda muke hutawa a gindin bishiya, nan ake baje shi.

"Habu," Bitrus zai ce, "wannan abin da ke lilo a bayanka, kaya za ka kai Sabon Gari?"

"Gara ni. Ku dubi bayanku, kamar masu goyon 'yan uku."

"Bari in raba ku," in ji Baba. "Dubi keken nan nawa. Barewa ce. Ka taɓa ganin an ɗora wa barewa mangala? Jaka tana kaɗawa, tana gogar cinya, in kana son abu sai ka tsaya ka sauka. Ni kuwa hannu kawai zan miƙa."

"Baba, ran da ka faɗi a kan sifanar nan da ke bayanka fa? Ƙashin baya ba a yi masa faci. Ga gumi yana jiƙa komai. Ga shi rannan ka bar kuɗi a riga an wanke."

Bitrus ya gyaɗa kai. "Maganar ƙarfe gaskiya ce, na ga irinta a wurin aiki. Kayan gyara su tafi jaka, ban ƙi ba. Amma magani da waya, a'a. Mu a asibiti in aka kawo mutum, aljihunsa muke lalubawa. Ban taɓa ganin keke ya biyo mai shi cikin motar asibiti ba."

Na ce, "Kai dai ka san allura, ka bar mana keke."

Aka yi dariya. Ni na fi kowa dariya, don na ɗauka na ci musun.

Da babbar Sallah ta zo na rasa abin da zan saka wa Baba da shi. Me za ka ba mutumin da ya ba ka ɗaki da aiki da uwa? Sai na zaɓo jakar sirdi mafi kyau a shagonmu, baƙa, siririya, mai zif da ruwa ba ya ratsawa, ba ta kaɗawa ko kaɗan. Na kai masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya yaba, ya sa mini albarka har na ji kunya.

Asabar ta gaba, a inda muke ajiye mota, na ɗaura masa ita da kaina. Na ce ya juya. Na kwashe sifana, na kwashe tif, na kwashe waya, na jera su ciki. Da na kai hannu aljihun dama sai ya dafe wurin.

"Wannan dai a bar ta."

"Haba Baba. Ba ita ce ta faɗo rannan da ka jawo ayaba ba, murfin ya tsage? Da a gangara ne fa? Nan ba ta faɗuwa, ba ta jiƙewa. Kuma ai kana kan keken, tana ƙarƙashinka."

Ya dube ni, ya dubi jakar. Na san kallon. Kallon babba ne da ba ya son ya gwasale yaro a kan kyautarsa. Kara ya yi mini, na kuma san kara ce, amma na karɓa kamar an ba ni gaskiya. Ya ɗauke hannunsa.

Bitrus ya ce, "Baba, ni ban yarda da wannan ba."

"Ƙyale shi, Bitrus. In ba a bar Bazazzagi ya yi mulki a ƙarƙashin sirdi ba, ina zai yi?"

Haka abin ya zama al'ada. Hajiya ta sa a bakin ƙofa, ni in cire a bakin mota. Ba mu taɓa zama mun ce a ɓoye mata ba, amma babu wanda ya gaya mata. Damina ta wuce, sanyi ya zo muka jingine kekuna, ya wuce muka ɗauko. Babu abin da ya faru, ni kuwa kullum ina ƙara jin kaina malami.

A nan ƙasar, in sanyi ya ƙare itatuwa suka yi fure, wani gari rawaya ke sauka daga jikinsu ya rufe motoci da tagogi. Masu asma ba sa ƙaunar lokacin. A irin wannan Asabar ce muka fita mu biyu, Bitrus yana bakin aiki. Muka ajiye mota, muka bi hanyoyin gonaki da ke bayan Poolesville. Gari ya yi kyau, dawaki na kiwo a bayan shinge. Baba yana ta ba ni labarin wata gada da suka gina.

Muna kan dawowa sai wani ƙaton tsinke ya shiga tayarsa ta baya. Abin canja giya ya murɗe ya karye, sarƙa ta cukurkuɗe. Allah ya sa bai faɗi ba. Na duba na ga ba gyaran bakin hanya ba ne.

"Kada Hajiya ta ji," in ji shi. "In ta ji mun lalace a daji, wata guda ba ni ba fita. Mu tura a ƙafa."

"Ina raye ka yi tafiyar ƙasa cikin wannan takalmin? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Hau nawa ka ɗauko mota, ni in jira da naka."

Da ina da lasisi, ni zan tafi shi ya zauna a inuwa. Ba ni da shi. Keken da nake kai kuwa na ɗansa ne, tsawonsu ɗaya, fedarsu iri ɗaya, ko sirdi ba sai an taɓa ba. A gida haka muka tashi: yaro ba ya hawa babba na ƙasa. Ban tsaya tunanin komai ba, na miƙa masa keken ina jin daɗin kaina.

"To, yau dai Zage-zagi sun yi abin kai," in ji shi. Ya shafa aljihu ya ji makullin mota, ya ɗan yi tari, ya hau. Na bi shi da kallo har ya sha kwana.

Na jingine kekensa a shinge na zauna. Ban san iya zaman da na yi ba. Sai na ji waya na ƙara. Na lalube jikina, babu komai, tawa tana jakar kekena, ta tafi tare da shi. Ƙarar daga ƙarƙashin sirdin Baba take fitowa. Na zuge zif. Ga waya tana haske da sunan Hajiya. A ƙarƙashinta ga inhela, shuɗiya, kwance a inda na sa ta da safe.

Na ɗauka. Ba ta jira sallama ba.

"Alhaji, ka ga garin nan yau? Motata ta koma rawaya. Ka shaƙa kafin ku hau tudu."

"Hajiya, Habu ne."

"Habu? Ina Alhajin?"

"Ya tafi ɗauko mota. Kekensa ne ya lalace, na ba shi nawa."

"Shi ne ya bar waya? To, ba komai, inhelar dai tana aljihunsa, ni na sa."

Na ciro inhelar daga jakar.

"Habu."

"Na'am."

"Tana aljihunsa?"

"Tana hannuna, Hajiya."

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Bi shi."

Takalmin hawan keke yana da wani abu mai tauri a ƙasa da ke maƙalewa a feda, ba a gudu da shi. Na yi taku kaɗan na zame, na cire na jefar, na ci gaba da safa a kan kwalta. Tsakaninmu da mota akwai tudu mai tsawo, na san shi, ko mai lafiya sai ya yi haki. Ina gudu ina kiran sunan Allah. Motar farko ta kauce mini ta wuce. Ban ga laifinsu ba, baƙin mutum ne ba takalmi yana ɗaga hannu a tsakiyar hanya. Ta biyu akori-kura ce, wani tsohon Bature manomi da karensa a gefe. Ya tsaya. Turancina duk ya gudu. Na ɗaga masa inhelar, na nuna gaba, na dafe ƙirjina. Ya buɗe ƙofa kawai, ya ture karen.

A kusa da ƙarshen tudun muka same shi. Kekena na kwance cikin ciyawa. Baba na zaune jingine da turken shinge, kansa ya langaɓe, wata mata mai kayan gudu ta durƙusa a gabansa tana magana a waya. Ta riga ta kira motar asibiti. Ta juye aljihunsa duka uku: makullin mota da dabino. Ta buɗe jakata ma ta zazzage a ƙasa, ga tif, ga faci, ga gam, ga sifana. Duk abin da keke zai nema yana nan.

Na sa masa inhelar a baki na danna. Na ce, "Baba, ja! Baba, ja!" Babu numfashin da zai ja da shi. Leɓensa ya canja launi. Idonsa a buɗe yake, amma ban san ko ya gan ni ba.

Ya yi kwanaki a kan na'urar numfashi. Bitrus, da yake ba a asibitinsu ba ne, yakan zo bayan ya tashi aiki ya zauna kusa da ni. Shi ya fassara mini maganar likitoci: ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta sami iska ba, zai tashi, amma ba yadda yake da ba. Ko sau ɗaya bai ce "na gaya maka" ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ɗansu ya iso daga jihar da yake zaune. Ya tsaya a kaina yana magana da Turanci da ƙarfi, Hajiya ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ita tambaya ɗaya ta yi mini, a barandar asibiti, ba ta ko dube ni ba.

"Tun yaushe?"

"Tun babbar Sallah."

"Ina sawa, kana cirewa."

"E, Hajiya."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Baba ya farfaɗo. Magana ta dawo a hankali, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Hannunsa na rawa, ba ya iya tsayuwa sai da sanda. Wurin aikinsa suka sallame shi cikin mutunci. Mutumin da ke zana gada ya koma ba ya iya sa maɓallin rigarsa.

Babu wanda ya ce in bar gidan. Kullum zan tarar da abincina a rufe a kan tebur. Amma "Habuna" ta ɓace. In na gaishe ta za ta amsa da kyau, irin amsar da ake yi wa mai kawo wasiƙa. Na ga cewa ganina ma wani ciwo ne a gare ta, na tattara na koma Lanham. Nakan zo ran Lahadi in yi wa Baba aski, in zagaya da shi bayan gida.

Wata Lahadi muna zaune a waje na ce, "Baba, ni na jawo maka."

Ya daɗe yana haɗa maganar. "Ni ne... babba. Da na ce... a'a."

"Ka ce. Ni na ƙi ji."

"Kunyarka... na ji. Kyauta ce." Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan gwiwata. "Na yafe. Tun... a tudun."

Na kifa kaina na yi kuka kamar yaro, shi yana bubbuga ni.

Kafin sanyi ya sake zagayowa Hajiya ta yanke shawarar su koma Kano. Ta ce a nan jinya ta mutum ɗaya ce, a gida kuwa akwai dangi. Ranar da na je sallama falon cike yake da kwalaye. Tana zaune tana naɗe zannuwa. Na durƙusa a gabanta har gwiwata ta taɓa ƙasa.

"Hajiya, ki yafe mini."

Ta gama naɗe wanda ke hannunta, ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji ta.

Na jira. Ba ta ƙara komai ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da aka ba ni da abin da aka riƙe.

Har yanzu ina shagon nan. Kusan kullum sai wani sabon mahayi ya tsaya gaban inda muke rataye jakunkuna ya tambaye ni, jaka ko aljihu? Da can da na cika shi da surutu. Yanzu nakan ce, abin da keke zai nema in ya lalace, ba keke ya riƙe: tif, faci, ƙarfe duk mai tauri. Abin da kai za ka nema in ka lalace, ya zauna a jikinka, ko zai jiƙe da gumi, ko zai sa rigar ta zazzago. Keke da mai shi suna rabuwa, kuma ba sa yin sallama. Wasu su saya, wasu su ce sun fi son aljihu. Ba na musu da kowa. In na ga mai furfura nakan ƙara tambayarsa ko yana shan wani magani, har mai shagon ya taɓa ce mini wannan ba aikina ba ne.

Duk Sallah ina kiran Kano. Baba ke ɗauka, mu daɗe, don maganarsa ba ta sauri. Nakan ji motsinta a kusa, ƙarar kwano, ko tana yi wa wani magana. Ba ta taɓa karɓar wayar ba, ni ma ban taɓa cewa a ba ta ba.

Bana da na kira, muna cikin gaisawa sai na ji ya juya ya ce, "Habu ne."  Can na ji muryarta daga nesa.

"A gaishe shi. A tambaye shi ko yana cin abinci."

Baba ya maimaita mini, kalma ɗaya-ɗaya, ko da yake na riga na ji. Na ce a gaya mata ina ci.